Idon Auta na Hagu

Mako uku Auta ta yi tana ɗiga zuma da ruwan lemon tsami a idonta na hagu, a cikin gidana, ƙofar ɗakinta na kallon tawa, ban sani ba. Uwarta ma ba ta sani ba. Matar da take koya mata kitso da kwalliya a shagon bakin titi, wadda suke ce wa Anti, ita ta haɗa mata a 'yar kwalba. Ta ce in ta dage baƙin idon zai washe ya koma ruwan zuma irin nata. Antin tana ɗaukar hoton 'yan matan shagon in ta yi musu kwalliya, ta sa a waya don ta jawo masu zuwa, kuma ba ta ɗaukar kowa sai mai ɗan hasken ido. Auta shekararta goma sha tara, ta fi su duka iya aiki, ba a taɓa ɗaukarta ba. Idona ta ɗauko, baƙi ƙirin. A ido ɗaya take ɗigawa don ta riƙa gwada shi da ɗayan a madubi. Da mako uku ya cika ba ta ga canji ba, sai Antin ta ƙara mata wani ruwa daga cikin kayan da suke shafawa fata ta yi haske. Kwana biyu da wannan ƙarin, idon ya kama.

Duk wannan daga baya na ji shi. Abin da na sani a lokacin shi ne walda.

Shekara ashirin da shida ina yin ta. Ƙofa, taga, gado, tankin ruwa, duk abin da ƙarfe zai zama. Rumfarmu ta kwano ce a bayan layin kanikawa, injin walda biyu, benci ɗaya, ni da Guntu. Guntu ba yarona ba ne, abokin aiki ne. A hannun mutum ɗaya muka koya, tare muka kafa rumfar. Tsayinsa bai kai kafaɗata ba, amma bakinsa ya ninka nawa. Ni Guduma ake ce mini, kuma ba don aikin guduma ba. Guntu yakan ce ranar da ake rabon haƙuri ina can baya ina dambe da mai tsaron layi.

Doka ɗaya muke da ita a rumfar. Kafin ka dasa tsinken walda a jikin ƙarfe sai ka ɗaga murya ka ce "Ido", kowa ya kau da kai. Domin duk mai walda ya san wutar ido. Ba ta kama ka nan take. Sai ka koma gida ka ci abinci ka miƙe ƙafa, sannan ka ji kamar an watsa maka yashi mai zafi a ƙarƙashin fatar ido. Hawaye ya yi ta zuba, haske ya zama abokin gaba. Maganinta a wajenmu ɗaya ne tun zamanin wanda ya koya mana: madarar gwangwani ɗigo uku, tsumma mai sanyi, ɗaki mai duhu, kwana biyu. Ba a zuwa asibiti. Wanda ya kai wutar ido asibiti sai ya shekara ana nuna shi da baki a layi.

Ranar Litinin da rana Auta ta biyo da abincinmu kamar kullum kafin ta koma shago. Ina ciki ina yankan bututu. Guntu yana tsugune a bakin rumfa yana haɗa wata ƙofa. Ta sunkuya za ta ajiye kula a kan benci, fuskarta na kallonsa sosai, shi kuwa ya dasa tsinke bai ce komai ba. Na ga hasken ya wanke mata fuska.

Na ajiye aiki na zage shi tas. Ya ɗage gilashin walda daga fuskarsa yana dariya, ya ce ai 'yar mai walda ce, da gilashinta aka haife ta, in ma wuta ta shiga madara ba ta ƙare a duniya ba. Auta ta taya shi dariya. Ta ce Baba Guntu tsufa ya fara cin sa, kalma ɗaya tak aka ɗora masa ita ma ya kasa riƙewa. Tana dariyar tana murza idon hagu da gefen mayafi. Na ga ya yi ja. Na ce a raina wuta ce, ban ko tuna cewa wuta ba ta nunawa da wuri haka ba.

Talata da safe uwarta ta kira ni tun ban sa riga ba. Auta na zaune a gefen gado, ta dafe rabin fuska da hannu. Na janye hannun. Idon ya kumbura ya rufe ruf, ruwa na bin kumatu har wuya. Na tambaye ta ko wutar jiya ce. Ta gyaɗa kai. Ita ban taɓa dukanta ba. Amma ta tashi tana ganin abin da nake yi wa yayyenta maza biyu da wayar walda, har suka girma suka bar garin, ba su cika zuwa ba. Ta san hannuna ko da bai taɓa sauka a kanta ba.

Na sayo madara na huda gwangwanin da ƙusa. Na ce ta kwanta, ta kwanta. Na buɗe idon na ɗiga. Ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba, ta murɗe ta dunƙule a jikin bango. Wutar ido in ta ji madara lafawa take yi, na sani, na yi wa kaina ya fi sau hamsin. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni in yi tunani. Ban tsaya ba. Na ce raki ne na mata. Na rufe taga da bargo, na ce wa uwarta safe da rana da yamma zan riƙa dawowa in ɗiga da kaina, jibi war haka za ta tashi garau.

A rumfa ban yi wa Guntu magana ba ranar. Ya tambayi mai jiki, na ci gaba da aikina. Ya ce zai biyo da yamma ya duba ta, na ce ƙafarsa ta taka ƙofar gidana sai na karya ta. Ya ɗauka irin maganata ce ta kullum. Ya ce to zai turo gaisuwa ta taga.

Laraba idon ya fi na jiya. Kumburin ya sauko har kunci, kwantsa ta manne gashin idon kamar an shafa danƙo. Uwar Auta mace ce mai shiru, shekara talatin ba ta cika musu da ni ba, amma ranar ta tare ni a tsakar gida da gwangwanin a hannuna. Ta ce ta sha ganin wutar ido a kaina, ba haka take ba, a kai yarinyar nan asibiti. Na ce yau kwana ɗaya, ta bari kwana biyu su cika. Ta ce ido ba ƙarfe ba ne da za a sake narkawa. Na ce in ta fi ni sanin walda ta ɗauki gilashi ta tafi rumfa ni in zauna in yi girki. Na ture ta gefe.

Auta ta ji mu, ta sa sakata. Na buga, ta ƙi buɗewa. Ni na haɗa sakatar, na san ba za ta karye ba, sai na sa ƙafa a wajen katakon. A bugu na biyu ya tsage. Ta gudu lungun gado, na jawo ta ta ƙafa, na kwantar da ita a ƙasa, na matse kanta tsakanin gwiwoyina kamar yadda nake matse bututu in zan yanka. Uwarta na jan rigata ta baya har ta yage.

"Baba, don Allah ka bari," in ji Auta. "Ba laifin Baba Guntu ba ne."

"To laifin wa?"

Bakinta ya buɗe. Na ga za ta yi magana. Da na ba ta numfashi biyu da ta faɗa.

"Daina kare shi," na ce. "Wallahi duk wanda ya jawo miki wannan, in idon nan bai tashi ba, da yatsana zan ƙwaƙule nasa."

Ta rufe bakin. Na sa babban yatsa na ɓare fatar idon da ƙarfi, kwantsar ta tsinke da 'yan gashi a jiki, na ɗiga uku. Ba ta yi ƙara ba wannan karon. Na sake yi da rana, na sake da yamma. Duk sai da na danne ta.

Alhamis da safe kwana biyu suka cika. Na cire bargon taga don in gani da kyau. Na danne ta na buɗe. Farin idon ya zama kamar ɗanyen nama. A tsakiyar baƙin akwai wani farin tabo kamar ƙwayar shinkafa, mugunya na taruwa a ƙasansa. Na ɗiga madarar duk da haka, don hannuna ya riga ya saba. Sannan na rufe mata na dama da tafin hannu na ce me take gani. Ta ce hazo.

Na fita.

Guntu ya riga ni zuwa. Yana zaune a benci da kofin shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya ce, "Guduma, ya mai jiki, ta tashi?" Akwai guntun bututu da na yanke ranar Litinin, tsawon hannu, yana jingine a jikin inji. Shi na ɗauka. Ya ga abin na zuwa ya tare da hannun dama. Na ji ƙashin ya amsa. Kofin ya tashi sama. Ya faɗo daga benci, na bi shi na sake ɗagawa, ya mirgina, bututun ya samu ƙofar da yake haɗawa har ta lotsa. Na yar da shi na hau kansa da hannu. Ban san ko nawa na yi masa ba. Na san haƙorinsa ya yanke mini bayan yatsu, na san jini ya cika masa baki yana tofarwa a rigata. Ina dukansa ina cewa kalma ɗaya, kalma ɗaya ce ka kasa faɗa. Kanikawa biyu suka shigo suka riƙe ni, na watsar da ɗaya cikin tulin ƙarafa. Sai da suka zama huɗu suka ɗaga ni.

Guntu ya ja jiki ya jingina da ƙafar benci. Hannun ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Ya tofar da haƙori ɗaya a ƙasa, ya dube shi, ya dube ni. Maganar na fita da ƙyar.

"Wane idon?"

"Na hagu."

"Na dama fa?"

"Lafiyarsa lau."

"Ko ja bai yi ba?"

Na girgiza kai.

"Shekara ashirin da shida," ya ce. "Tana kallona da fuska duka. Ka taɓa ganin wuta ta ci ɗaya ta bar ɗaya? Jaki kawai."

Kanikawan suka sake ni da kansu, don sun ji jikina ya saki. Gaskiyarsa ce. Ban taɓa gani ba. Wanda ya fara koyon walda jiya ma ya san biyu take ci.

Na koma gida da jinin Guntu a rigata. Na shiga ɗakin Auta ta ƙofar da na tsaga. Ban tambaye ta ba. Na ɗage katifa, na zazzage akwatinta, na watsar da kayan shafa da ke kan taga. A jakar aikinta, cikin mataji da zare da almakashi, na samu kwalbar a naɗe a safa. Ba ta kai yatsana tsawo ba. Ruwan ciki ya yi kauri, ya yi duhu-duhu, wani abu fari na yawo a ƙasa. Na buɗe na sansana. Zuma, da tsami, da wani wari mai hawa kai irin na man bilicin.

Na nuna mata. Ta dube shi da ido ɗayan, ta dubi rigata, ta tambaya jinin wa ne. Na ce na Guntu. Sai ta fashe da kuka ta faɗi komai, hoto da Anti da mako uku da ƙarin da aka yi mata. Ta ce Anti ta rantse ita ma da baƙin ido aka haife ta, wannan haɗin ne ya mai da nata ruwan zuma. Ta ce tun Lahadi idon ke mata zafi, da wutar ta haska ta ranar Litinin sai ta ga ta samu abin fakewa.

Na ɗaga hannu. Da gaske na ɗaga, kuma da ƙarfin da nake ɗagawa. Uwarta ta shiga tsakani, marin ya same ta a kunne, ta tafi ta bugu da ƙarfen gado. Goshinta ya fashe. Ta tashi zaune jini na bin hancinta, ba ta ko taɓa wurin ba.

"Ka gama?" ta ce. "In ka gama, asibiti."

Da na ji maganarta, da awa ɗaya ta ishe mu. Amma kwalbar na hannuna, idona kuma ya rufe. Na ɗauki gudumar da ke bayan ƙofa na nufi bakin titi.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai ƙofar gilashi. Madubi uku a bango, kujerun roba, gashin doki a rataye jere-jere, hotunan 'yan mata a manne har rufi. A lungu akwai bahon wanke kai mai wurin ɗora wuya. 'Yan mata uku na aiki, mace biyu na zaune da rabin kitso. Antin na kan doguwar kujera tana danna waya. Farar mace ce, farin da ba na haihuwa ba, gaɓoɓin yatsunta baƙaƙe. Ta ɗago ta dube ni da idon nan ruwan zuma. Ta ce, "Baban Auta, lafiya? Kwana uku ba mu gan ta ba."

Na fara da madubin tsakiya. Sannan na dama, sannan na hagu. Matan suka yi waje suna tattake juna, ɗaya da mataji a soke a kai. Na bi kantar kayan shafa da guduma, kwalabe suka tarwatse, wari ya cika ɗakin. Antin ta yi ƙofa, na cafko ta ta gashi. Rabin gashin ya biyo hannuna, na yar na kama na gasken. Na ja ta a kan fasassun gilashi har lungu, na danna wuyanta a bakin bahon, fuskarta ta kalli sama. Ta yaƙushe ni a wuya, ta cije ni a hannu, ban ji ba. Na cire murfin kwalbar da haƙori. Na ce yau za ta sha haɗinta, duka, a ido ɗaya, sai ta gwada da ɗayan a madubi in ta samu wanda ya rage.

Na sa babban yatsa na ɓare idon. Tana fizge-fizge yatsan ya zame ya taɓa ƙwayar. Sai ruwan zumar ya goce gefe. Ya tattare a lungun ido kamar ɓawon albasa, ya fito ya manne a yatsana. A ƙarƙashinsa ido ne baƙi ƙirin irin nawa.

Na tsaya ina kallon abin a kan yatsana. 'Yar leda ce mai launi, ba ta kai farce ba.

"Na sakawa ne," ta ce. "Saye ake yi. Wallahi ban taɓa ɗiga komai ba. A waya na ga haɗin. Ka yi wa Allah."

Ban san abin da zan yi ba da an bar ni. Har yau ban sani ba. Kwalbar na karkace a saman idonta lokacin da wani abu ya sauka a bayan kaina. Mai facin taya ne na gefen shagon, da ƙarfen cire taya. Na durƙusa, kwalbar ta faɗa baho. Sai mutanen titi suka rufe ni. Ƙafa, katako, dutse, har da kujerar roba. Na kama ƙafar ɗaya na murɗe, na ji ya yi ihu, daga nan ban ƙara rama ko ɗaya ba. Haƙarƙarina biyu suka karye. 'Yan sanda ne suka ƙwace ni, su ma sai da suka ƙara nasu a mota.

Kwana biyu na yi a hannunsu. Ƙanin matata ya fito da ni ranar Asabar, ya kai ni bakin asibiti. A nan ya gaya mini yadda aka yi. Guntu ne ya tako har gidana da karyayyen hannu a naɗe cikin riga, ya tarar da uwar Auta na ƙoƙarin ɗaga yarinyar, ya tare mota suka tafi su uku, kowa da ciwonsa. Sai da ya ga an shiga da Auta sannan ya yarda a duba hannunsa. Washegari ya turo mutane suka ɗauke injinsa daga rumfa. Ya ce a gaya mini yarinyar 'yarsa ce har gobe, ni kuma kada in gaishe shi ko a makabarta.

Likitar ido mace ce, ba ta fi babban ɗana shekaru ba. Ta zaunar da ni ta dubi fuskata da ta kumbura, ba ta tambayi dalili ba. Ta ce launin ido a ciki yake, a bayan wani gilashi mai rai. Babu abin da mutum zai haɗa a gida ya ɗiga ya kai can, ko zuma ko lemo ko me, sai dai ya ƙone gilashin. Ta ce haɗin ya ci gilashin Auta ya buɗe ciwo, ƙwayoyin cuta suka shiga. Sannan ta duba takarda.

"Baba, an ce an sa madara. Wa ya sa?"

"Ni."

"Sau nawa?"

"Bakwai."

Ta ajiye biro. Ta ce ciwo a buɗe, a zuba masa madara daga gwangwanin da aka huda da ƙusa, abinci aka ba cutar. Ta ce da ranar Talata aka kawo ta, da wanki da magani za su iya isa. Yanzu ƙoƙarinsu kada ƙwayar ta huje. Na ce a cire nawa a sa mata, ga su biyu, ta zaɓa. Ta ce ba a cire na mai rai. Ta ce in ciwon ya warke, in kuma can cikin idon yana da rai, wata rana za a iya canza gilashin. In cikin ya mutu, shi ke nan. Ba za a sani ba sai kumburi ya sauka.

Kwana goma sha tara Auta ta yi a gadon asibiti. Kowace awa nas na zuwa ta ɗiga magani. Uwarta na zaune a gefenta da filasta a goshi. Ni a benci na waje nake wuni, kusa da masu jiran kati. In na leƙa ta taga Auta sai ta juya bango. Uwarta ta fito sau ɗaya ta ce in tafi in yi aiki, zamana ba ya ƙara komai. Na je rumfa na kunna inji, na ce "Ido", babu kowa a wurin. Na kashe na dawo benci. Maganar shagon Anti na kotu, an ɗaga zuwa wani wata. Ashe akwai wasu 'yan mata biyu da take haɗa wa, iyayensu sun kai su an duba, nasu bai kai ga ciwo ba.

Rana ta ashirin likita ta ce za a gwada. Ta ce in shigo. Ƙaramin ɗaki ne, kujera ɗaya mai tsawo, allon haruffa a bango. Auta na zaune, ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Aka cire bandeji. Kumburin ya sauka. Idon ya buɗe da kansa, amma inda baƙin yake ya zama fari-fari kamar gilashin da aka goga da yashi.

Likita ta rufe na dama da wani faifan roba. Ta tambaye ta babban harafin allo. Auta ta ce ba ta ga allon ba. Likita ta matso ta ɗaga yatsu uku a gabanta ta ce nawa. Auta ta ce ba ta sani ba. Uwarta ta sa mayafi a baki.

Likita ta koma gefenta, hannu ɗaya riƙe da faifan, ɗayan da 'yar fitila tana duban ƙwayar. Ta ce saura gwaji ɗaya, ko tana ganin motsi.

"Baba, matso nan gabanta. Ɗaga hannunka ka wuce da shi ta gefen fuskarta."

Na matso. Ban yi ƙara ba, ko takalmi babu a ƙafata. Na ɗaga hannun dama a hankali. Bai kai kafaɗata ba Auta ta dunƙule ta sunkuyar da kai, ta kare fuska da gwiwar hannu, faifan ya faɗi ƙasa.

Likita ta yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta ce madalla, ta gani, cikin yana da rai, za a sa sunanta a layin masu jiran gilashi. Uwarta ta durƙusa a wurin tana godiya ga Allah. Likita ta ɗauki faifan ta goge, ta mai da shi, ta gyara wa Auta zama.

"Sake, Baba. Ta ɗaya gefen, in tabbatar."

Na ce ta kira nas ta ɗaga mata.